Shanyar da Ta Riga Haihuwa

Cikin marka Auta ta zo mini goyon ciki, wata takwas da 'yan kwanaki. Ita ce ta bakwai a 'ya'yana, kuma ita kaɗai aka kai nesa, can Karaye, mu kuwa muna wani ƙauye a gefen Ruwan Bago. Yayyenta mata uku duk a hannuna suka yi haihuwar fari. Ni na dafa musu ruwa, ni na tsoma ganye na fyaɗa musu safe da yamma har suka yi arba'in. Na Auta ne ya rage mini, kuma na san shi ne na ƙarshe, don gwiwata ta fara gaya mini gaskiya.

Da ƙyar aka ba ni ita. Mijinta malamin makaranta ne, yaro mai ladabi, amma da nasa ra'ayin. So ya yi ta zauna a Karaye kusa da asibiti, uwarsa ta yi mata wankan. Sai da Malam, maigidana, ya je da kansa, sannan aka daidaita a kan ta zo, idan naƙuda ta tashi a kai ta asibiti a Rogo, in kuma ta ga zaman bai yi mata ba, ta buga wa mijin waya ya zo ya ɗauke ta. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya tsaya mini a wuya. A gidan uwarta ne zama zai ƙi yi mata? Na dai ajiye a raina.

Kwana biyu da zuwanta, da hantsi, ina tankaɗen garin masara a ƙofar ɗaki, ta fito da wata jaka ta zube kusa da ni a kan tabarma.

"Inna, matso ki ga abin da na saya."

"Ina gani daga nan. Idona bai mutu ba."

Ta zazzage. Wasu ƙananan wanduna ne guda goma sha biyu, wani ja, wani kore, wani da hoton agwagi. Kowanne da maɓallai jere-jere a gaba, kamar ƙwayar masara a jikin totuwa. Bayansu santsi, ruwa ba ya ratsawa. A ciki akwai wani aljihu da ake zura farin ƙyalle mai kauri, an ninka shi uku. Ta ce kunzugun jariri ne na wankewa. In ya ɓaci a zare ƙyallen a wanke, a mayar. Maɓallan kuma, in yaro ya ƙara girma a matsa zuwa layi na gaba, haka har ya fara zama a fo.

Ni dai a zamaninmu tsumma muka sani, tsohon zane da ya sha wanki a yayyaga. Lokacin yayyenta aka zo da nafkin, da fil, da wandon roba mai barin shaida a cinyar yaro. Daga baya kuma wannan na yarwa ya fito, wanda ni kunzugun leda nake ce masa.

Na ce, "Na leda fa? Ai shi kuke yayi, ku matan ma'aikata."

"Inna, da za ki ga bayan layinmu da ba ki tambaya ba. Kwata ta toshe da su, karnuka na jan su har ƙofar gida. Akuyar makwabciyarmu da ta kumbura aka yanka, shi aka tarar a tumbinta. Ga shi kullum sai an saya."

"Nafkin ɗin fa, me ya yi miki?"

"Fil nake tsoro. Kin manta ranar da ya soki ɗan Yaya?"

Ban manta ba. Ni na zare shi.

Ta ce wata mata ce a Kano take ɗinka su, a waya ta gan ta. Ta daɗe tana tambaya kafin ta saya, don ƙyallen cikin iri-iri ne, akwai wani mai sulɓi da ke saurin bushewa, akwai na auduga zalla. Ita na auduga ta zaɓa. "Na tuna kina cewa auduga ce kaɗai ke shan ruwa ba ta dafa fatar yaro."

Maganar ta yi mini daɗi, ban dai nuna ba. Na ɗauki guda na juya, na ja ɗinkin in ga ko zai saki, bai saki ba. A raina na ce yarinyar nan ba raguwa ba ce, ta zaɓi wanki da hannunta a zamanin da kowa ke gudun wanki. A fili kuwa cewa na yi, "Ba laifi. To mayar da su jaka. Ba a baje kayan wanda bai zo ba."

"Ai wanke su zan yi. Matar ta ce sai an wanke sau uku ko huɗu kafin a sa, in ba haka ba ba sa shan ruwa."

Wannan ba sai wata mata a Kano ta gaya mini ba. Sabon yadi ruwa gangarewa yake a kansa, shi ya sa muke neman tsohon zane. Amma na ce, "A wanke bayan an sauka."

"Inna, ranar da na haihu wa zai tsaya wanki huɗu, cikin markar nan?"

"Na gama magana."

Washegari na tafi gaisuwar mutuwa wata ruga da ke bayan gonakin rake. Ban dawo ba sai bayan azahar. Ina fitowa daga zaure na gan su. Goma sha biyu reras a kan igiya, a tsakiyar gida, ja da kore da agwagi, ga fararen ƙyallayen a jere suna ɗiga. Duk wanda ya yi sallama ya shigo, su zai fara gani. Sai da na dafa bango.

Dole in faɗi dalili a nan, ko da yake ba maganar da nake yi ba ce.

Lokacin cikina na fari, ni ma gidanmu na je goyon ciki. Uwata ta ba ni wani farin zane saƙar hannu da ya tsufa ya yi laushi. Don ɗoki irin na yarinta na yanka shi gida shida, na kalmashe bakin kowanne da allura, na wanke, na shanya a tsakar gida. Gwaggona, yayar babanmu, ta shigo ta gani. Ta ce, "Ke wace irin marar kunya ce? Kin ga abin da ke cikin ne da har kike masa shanya?" Kwana tara tsakani na haihu, namiji, cikakken yaro da gashinsa. Bai yi kuka ba. Gwaggo ta zo ta zauna a bakin gado, ta dube ni, ta ce, "Na dai faɗa." Ɗan fari ko yana raye ba a maganarsa, balle wanda bai kwana a duniya ba. Na ninke ƙyallayen shida na sa a ƙasan adakata, akwatin ƙarfen da aka kawo ni da shi. Tun daga nan ban ƙara yanka tsumma ba sai na ji kuka, kuma ban bar wata 'ya tawa ta yi ba.

Auta tana ɗaki tana barci. Na kwashe shanyar duka, da damshinta, na kai ɗakina. Na jawo adakar daga ƙarƙashin gado, na danna su ciki, na kulle, na jefa makullin a lalita. Ni da na sha dukan yara a kan ninke jiƙaƙƙen kaya. A lokacin ban tuna da wannan ba. Abin da na sani kawai, kada wani ido ya ƙara ganinsu.

Da la'asar ta fito tana miƙa, ta dubi igiya, ta dube ni.

"Inna, ina shanyata?"

"Na kwashe."

"Ai ba su bushe ba."

"Suna inda suke. Ranar da mai su ya zo za a ba shi."

Ban yi wa 'ya'yana tarbiyyar mayar da magana ba, ita ma ba ta mayar ba. Ta juya ta koma ɗaki. Da ma ta yi mini rashin kunya da ya fi mini sauƙi, don na san maganin wannan.

Daga ranar gidan ya yi sanyi. Za ta durƙusa ta gaishe ni da safe, gaisuwa cikakkiya, ba ragi ba ƙari. In na kai mata tuwo ta ci loma uku ta rufe. Hirar da muke yi a gindin murhu, ta labarin mutanen Karaye da wanda ya auri wa, duk ta ɗauke. Wayarta kuwa kullum a kunne, murya ƙasa-ƙasa.

Malam ya lura. Yana wanke ƙafa bayan ya dawo daga gona ya ce, "Ke da 'yarki kun koma suruka da suruki. Me aka yi?"

Na gaya masa.

"Camfi ne wannan. Ba shi cikin littafi."

"Malam, ka taɓa haihuwa?"

"Ban taɓa ba."

"To ka bar wa waɗanda suka taɓa."

Ya girgiza butarsa ya ji ba ruwa, ya tashi.

Ranar Juma'a mijin Auta ya zo da itacen wanka, amalanke biyu, busasshe mai kyau, aka jibge a rumfa. Ya durƙusa a zaure, ni kuma ina daga bakin ƙofa da mayafi, muka gaisa. Ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi gwiwata. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ta ce mini ba ta samun barci. Na ce ko in mayar da ita can kusa da asibiti. Juma'a mai zuwa zan zo da mota, in Allah ya kai mu. In ta shirya, shi ke nan."

Na ce, "Allah ya kai mu."

Barcinta ƙalau, ni nake jin minsharinta. Na san abin da ya hana ta barcin da take faɗa. Kwana bakwai ke nan aka ba ni. In ta shiga motar nan, wata ce za ta dafa mata ruwa, wata ce za ta fara yi wa jikana wanka, kuma duk ƙauyen nan za a ce Auta ta gudu daga hannun uwarta da tsohon ciki.

Bayan ya tafi Auta ta tsaya tana kallon rumfar.

"Inna, shi itacen nan ba tanadi ba ne? Ga shi kowa na gani."

"Itace na mai jego ne. Ba na jariri ba ne."

"Mai jego kuma ba jariri?"

"Ke, tafi ki zauna, kin tsaya mini a ka."

Ta tafi. Amma tambayar ta zauna tare da ni, ina tuƙa tuwo ina juya ta.

Ranar Talata da safe na jawo adakar zan ɗauko kanwar da na daɗe da ajiyewa don kunun jego. Tun kafin in ɗaga murfin warin ya buge ni. Kwanaki suna rufe cikin ƙarfe, da damshi, ga marka. Funfuna ta yi musu ɗigo-ɗigo baƙi, kamar an watsa musu masoro. Fararen ƙyallayen sun fi cin wuya. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya har na kai ƙasa, na tarar damshin ya sauka har kan nawa guda shida, na saƙar hannu.

Na daɗe a zaune a ƙasa. Na yi tunanin in rufe in mayar, in ta haihu a ce ikon Allah. Na yi tunanin in aiki Malam kasuwar Rogo, amma na san ba a sayar da irinsu a can. Ni ba maƙaryaciya ba ce, kuma ban iya ɓoye ɓarna ba, ko ta wani ko tawa. Na kama hannun adakar na ja ta har tsakar gida, tana ƙara a ƙasa.

"Auta! Fito."

Ta fito tana dafe da ƙugu.

"Ga kayanki. Na ɓata su."

Ta zauna a kan turmi, ta ɗauki mai agwagin, ta juya shi. Ta ɗauki wani. Idonta ya kawo ruwa. "Wata biyar ina zaɓen su, Inna."

"Na sani. Laifina ne, ba na kowa ba."

Ban taɓa gaya wa ɗan da na haifa haka ba. Ita ma ta san ban taɓa ba, don ta ɗago ta dube ni kamar wata baƙuwa ce ta yi magana. Sai idonta ya faɗa kan na ƙasan. Ta zaro guda, ta shafa kalmasar.

"Wannan fa na wane ne?"

"Na yayanku."

"Yaya na Jajaye?"

"A'a. Wanda ya riga shi."

Ba ta san da shi ba. Cikinsu ba wanda ya sani. Na gaya mata, a tsaye, ina kallon bango: zanen, shanyar, Gwaggo, kwana tara. Ban yi kuka ba, ba ɗabi'ata ba ce. Da na gama sai na ji kamar na sauke tulu daga rafi mai nisa.

Wata kaza ta zo ta leƙa adakar ta wuce. Sannan Auta ta ce, "Inna, kin ɗauka ni ba na jin tsoro? In ya yi shiru bai motsa ba, sai in sha ruwan sanyi in zauna ina jira. Ranar da na ga kayan nan a igiya, ranar ce na fara jin da gaske zai zo, zai yi fitsari, zan yi wanki. Shi ya sa har barci ya ɗauke ni."

Ta shafa ƙyallen da ke hannunta, ta ƙara da cewa:

"Ba shanya ce ta kashe shi ba, Inna."

"Kaina ya sani. Cikina ne bai sani ba."

Malam ya shigo daga gona a daidai nan, da fartanya a kafaɗa, ya dawo ɗaukar wani abu. Ya dubi adakar, ya dubi farin ƙyallen da ke hannun Auta. Ya gane shi. Ya sauke fartanyar a hankali.

Ya ce, "Kin tambaye ni ko na taɓa haihuwa. Ban taɓa ba. Amma ni na ɗauke shi a hannuna na kai shi. Ba shi da kwana ne a gaba, shi ke nan. Gwaggonki kuwa, Allah ya jiƙanta, ko kaza ce ta mutu a unguwa sai ta ce ta dai faɗa."

Auta ta yi dariya da hawaye a fuska. Ni ban yi ba, amma na ce, "To ka tsaya kallo ne? Ɗora mini tukunyar wanka."

Da itacen jegon muka fara. Ruwa ya tafasa, na tattaro kayan duka zan zuba, Auta ta yi tsalle kamar ba mai ciki ba.

"Inna! Ban da wandunan! Bayansu zai narke!"

"Wane irin kaya ne da ba ya son tafasasshen ruwa?"

"Irin na zamani. Ƙyallayen kawai za ki dafa."

Na bi maganarta. Na dafa ƙyallayen, na matse lemon tsami a kan tabon, na goga gishiri. Wandunan kuma ruwan ɗumi da sabulu, ita tana zaune tana cuɗawa a hankali, ni ina ɗauraya. Da muka gama na ɗaura wata igiya a bayan ɗaki, tsakanin rumbu da katanga, inda ba mai gani, na shanya a can.

Wurin inuwar mangwaro ce. Har la'asar suna nan jagab, ga warin bai tafi ba. Na tsaya ina shinshina su, ina faɗa da kaina. Duk macen da ta san wanki ta san funfuna ba ta jin sabulu, rana take tsoro. Rana kuwa cikin marka ba ta daɗewa, kuma in ta fito a gidanmu wuri ɗaya take sauka sosai: tsakar gida.

Ranar Laraba da hantsi gari ya washe. Na sake wanke su, na ɗauko bahon da kaina na kai gindin igiyar tsakar gida. Kowanne na ɗaga sai na yi bisimilla. Goma sha biyu, da ƙyallayensu. Auta tana bakin ƙofa tana kallo. Nawa shida na saƙar hannu kuwa a bayan ɗaki na bar su.

Ban gama juya baho ba sai ga makwabciyata ta yi sallama, tsarata ce, tare aka kawo mu garin, bakinta kuwa ba ya ajiya.

"A'a! An sauka ne ba a aiko mana ba?"

"Ba a sauka ba."

"To wannan shanyar fa?"

"Wanki ne. A gidanku ba a yi?"

"Ikon Allah! Ke da kika tsare 'yata a hanya kika yi mata tas don ta sayi hular jariri?"

"Na yi. Yau kuma na shanya. Wuta kika zo ɗiba ko shari'a?"

Ta matsa ta kama mai agwagin tana dubawa. "Wannan kuma wando ne ko jakar kuɗi? Duk maɓallan nan na mutum ɗaya?"

"Sake shi, hannunki da daddawa."

Ta ɗebi wutarta ta fita tana dariya, na san kafin azahar labari ya kai bakin rijiya. Ya kai kuwa. Mata uku suka shigo ranar, kowacce da ɗan dalilinta, Auta ta yi ta nuna musu yadda ake zura ƙyallen.

Kwana biyu ina gadin igiyar nan kamar mai gadin shanyar shinkafa. Hadari ya taso in kwashe, ya wuce in mayar. Wandunan suka fita tas, sai ɗan tabo a bakin ɗinki. Ƙyallaye takwas suka yi fari. Huɗu kuwa tabon ya kama su har ciki, Auta ta ce ba za ta sa wa fatar jariri ba, na ce gaskiyarta, muka mayar da su na goge-goge.

Juma'a ta zo, mota ta tsaya a ƙofar gida. Auta ta yafa mayafi ta fita zaure. Ban tambaye ta ko ta haɗa kaya ba, ban kuma leƙa ɗakinta ba, ko da yake na so. Na zauna a gindin murhu ina tsince wake, ina zubar da mai kyau ina ajiye tsakuwa. Sun daɗe. Can na ji an tayar da mota, ƙararta ta yi nisa. Sai ga ta ta shigo da ledar lemo a hannu.

"Ya tafi?"

"Ya tafi. Na ce masa barcin ya dawo."

Na ce, "To kwashe shanyar nan, ba ki ga gabas ta haɗe ba?"

Kada a ɗauka tsoron ya tafi. Kwana goma sha uku ta ƙara kafin ta haihu, kuma kwana na tara a cikinsu ban iya haɗiye ko ruwan koko ba. Ina kallon cikinta in ta zauna, in na ga ya motsa a ƙarƙashin riga sai in ɗauke kai in ci gaba da aikina. Ranar da naƙudar ta zo, da sassafe ne bayan an fito masallaci. Malam ya nemo mota, muka tafi Rogo, hanya duk taɓo. Aka shige da ita, aka bar ni a benci. Na ja carbi har yatsana ya yi zafi. Wajen azahar na ji wani kuka siriri daga ciki, amma ɗakin da mata da yawa, ban yarda nawa ba ne. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce, "Ina kakar? An samu mace."

Na ce, "Ta yi kuka?"

"Baba, ba ki ji ba? Ai ta cika mana asibiti."

A hannuna Auta ta yi wankanta, kwana arba'in cif, da ganyen darbejiya, safe da yamma. Kanwar kunu dai, Auta ta ce a asibiti an hana yawanta, muka yi ta ciniki, na rage. Wandunan da aka yi rigima a kansu kuwa, da aka gwada wa jaririyar, ko a maɓallin farko sai ta nutse a ciki, ƙafafunta kamar tsinken tsire. Muka yi dariya har Auta ta riƙe ciki. Sai da ta yi kwana goma sha biyar suka fara kama ta.

Ƙyalle takwas ba ya isar jariri cikin damina. Kafin na safe ya bushe ta jiƙa uku. Tun a kwana na uku Auta ta ce, "Inna, ki ba ni na Yaya."

Na ce a'a. Ta sake tambaya, na sake cewa a'a. Na yaga wani tsohon zanena muka yi ta maneji. Sai da aka yi suna, aka yanka rago, wanzami ya yi aski, baƙi suka watse. Washegari na ɗauko su shida, na dafa, na shanya a tsakar gida, rana ta gasa su. Na ninka guda da hannuna na sa wa yarinyar. Ta yi miƙa, ta yamutsa fuska, ta jiƙa shi nan take tun ban gama ɗaurawa ba. Shekara arba'in da wani abu yana jiran wannan fitsarin.

Kuma ya fi na Kano shan ruwa. Auta da kanta ta faɗa, ba ni na ce ba.

Yanzu yarinyar tana tafiya, tana kama zanena tana kirana da wani suna da ita kaɗai ta san ma'anarsa. Maɓalli ya kai layi na uku. Bayan sallar da ta wuce na je Karaye na kwana biyu, na tarar da su a igiya, agwagin sun koɗe, na saƙar hannun sun yi shara-shara har ana ganin rana ta cikinsu. Guda ya yage, Auta ta yi masa faci. Ta ce in yarinyar ta koma fo za ta adana su duka, saboda na gaba.

Har yau in na shiga gida na ga kayan jariri a igiya alhali mai cikin tana yawo da abinta, gabana yana faɗuwa. Sai dai yanzu ina yin shiru, in yi addu'a a ciki, in wuce. Ita kuwa Auta, da ta ce za ta adana, abu ɗaya na gaya mata: ta tabbata sun bushe ƙarau kafin ta ninke.